Ku Tambayi Goggo: Kiran Sunan Mutum a Wurin Kwament

Assalamu alaikum masu karatu, na Jidda da Makka da Madina, da na Riyad da ke ta aiko min da ƙorafin cewa na manta da su. Ya ibada, ya zafi? Yawancin wasiƙun wannan wata a kan abu ɗaya suka taru, wato tagin da ake yi wa mutane, musamman a wurin kwament. Na ɗebi biyar daga ciki. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa. Kun san sana'ata ƙunshi ce da gyaran amare, lokacin bukukuwa a ga'a, wato zauren biki, nake raba dare, saboda haka wasiƙar farko ta fi sauran taɓa ni.

TAMBAYA: Goggo, barka da aiki. Ni shagala ce, wato 'yar aiki, a wani gida a nan Jidda, da igamata ta izinin zama, mijina da 'ya'yana biyu suna gida Najeriya. Madam ta ba ni izini na je bikin wata 'yar garinmu a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro. Ɓangaren mata ne zalla, don haka na cire abaya da mayafi kamar kowa, na yi rawa. Ashe wata ta ɗauki bidiyo ta ɗora a TikTok. A ƙarƙashin bidiyon wani namiji ya tambaya, "Wace ce mai koren leshin nan?" Sai aminiyata ta yi tagin ɗina, ta ƙara da cewa, "Ga ta nan, tauraruwar Jidda." Tun daga ranar maza ke cika min inbos. Ƙanin mijina ya gani ya tura masa, yanzu ko na kira ba ya ɗauka. Aminiyar tawa ta ce ita yabo ta yi, wai ni ce mai ɗaukar abu da zafi. Laifin wa ne, kuma yaya zan yi?
Daga Maman Ilham, Jidda

AMSA: 'Yata, ki kwantar da hankalinki tukuna. Ba ki yi abin kunya ba. Da izini kika fita, cikin mata 'yan'uwanki kika zauna, kuma kin cire mayafi a inda addini da al'ada suka yarda ki cire. Mutum biyu ne suka ci amanarki.

Ta farko mai ɗaukar bidiyo. Duk wadda ta taɓa zuwa bikin Larabawa a garin nan ta san yadda ake yi a ƙofar ga'a. Akwai mata masu tsaron ƙofa, su duba katin gayyata, su buɗe jaka, su karɓi jawwal, wato wayar hannu, su ba ki lamba, ko su saka shi a 'yar jaka su kulle, ko su liƙa wa kyamarar sitika. Na ga matar wani babban mutum, zinare har gwiwar hannu, ta tsaya tana roƙo a bar mata wayarta saboda ta baro jariri a gida. Mai ƙofa ta ce ta ba mai renon lambar ofishin ga'ar, in an kira za a zo a sanar da ita. Ba ta shiga ba sai da ta miƙa wayar. Mu kuwa a bukukuwanmu mun yi sake. Amarya na shigowa za ki ga wayoyi sun tashi sama, fitilu a kunne, ba mai tambayar waɗanda ke tsaye a bayan amarya ko sun yarda. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya, domin ni nake zana wa matan nan ƙunshi har ƙauri, na san don wa suka yi kwalliyar, kuma ba don mazan TikTok ba ne.

Ita mai ɗaukar ta sani cewa a ƙasar nan maganar ta wuce ta rashin tarbiyya. Dokar laifukan intanet ta 2007, a sashe na uku, ta ambaci keta sirrin mutane da kyamarar waya da kuma ɓata musu suna, hukuncin kuwa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 500,000 ba, ko a haɗa duka biyun. Baƙo kuma yana iya ƙarewa a tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsa, bayan haka.

Ta biyu aminiyarki, kuma a wurina nata ya fi ciwo. Kafin ta rubuta sunanki, ke fuska ce kawai a cikin mata masu yawa, a bidiyon da ba ya ko fita sosai. Da ta yi tagin nan sai sunan ya zama abin taɓawa. Kowa ya danna zai faɗa shafinki, ya ga hotunanki, ya ga 'ya'yanki, ya ga waɗanda kike bi da masu bin ki, daga nan har ya kai ga danginki. Kuma wa ta amsa wa? Namijin da ba ta sani ba. Da a kasuwar Bab Sharif wani ƙato ya tare ta ya nuna ki ya ce wace ce waccan, ba za ta ɗaga murya ta faɗi sunanki da na babanki da gidan da kike aiki ba. Hararar sa za ta yi ta ja hannunki ku wuce. Na yarda ba mugunta ta nufa ba. Amma tunda kin gaya mata halin da kike ciki, ba "kina ɗaukar abu da zafi" ya kamata ta ce ba.

Ga yadda za ki yi. Ki fara da ɗaukar sikirinshot na bidiyon, da sunan shafin da ya ɗora, da kwament ɗin, ki adana. Sannan ki je wurin uwar amarya, domin ita ce mai taro, ita ke da bakin da za ta kira mai bidiyon ta ce a sauke yau. Aminiyarki ta goge kwament ɗinta da hannunta. Ke kuma ki shiga saitin TikTok, ɓangaren sirri, ki mayar da shafinki na sirri, ki je wurin ambato ki zaɓi cewa ba wanda zai iya ambatonki, ki rufe saƙon baƙi. Instagram ma yana da irin wannan zaɓin. Idan mai bidiyon ta ƙi saukewa, ki kai ƙarar bidiyon a cikin TikTok ɗin, kuma akwai manhajar Kulluna Amn da ake kai wa hukuma irin wannan ƙorafi. Ina fata ba za a kai can ba, tunda ita ma 'yar'uwa ce mai neman abinci, amma ki bari ta san ƙofar a buɗe take.

Maganar maigida kuwa, kada ki biye wa zuciya ki riƙa jera masa saƙonni cikin dare. Ki sa uwar amarya ta kira mahaifiyarsa ko wani babba da yake jin nauyinsa, ta faɗa da bakinta cewa taron mata ne, ba namiji ko ɗaya a wurin, kuma sace hoton aka yi. Namiji mai nisa da iyalinsa abu kaɗan ke tayar masa da hankali, bare ƙaninsa ne ya kai masa, kuma na tabbata ba bidiyon kaɗai ya kai ba, har da gishirin da ya ƙara. Idan aminiyar taki ta ƙwarai ce, ita ma ta ɗauki waya ta ba shi haƙuri ta ce ita ta jawo. A nan za ki gane ko za ku ci gaba.

TAMBAYA: Goggo, ni sawwagi ne, wato direba, a wani gida a Riyad. Albashina da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata bayan na tura wa iyali. Amma duk fostin na neman taimako da aka yi a garinmu, na asibiti ne ko na ginin masallaci, sai a yi tagin ɗina a rubuta, "Alhaji, kai da kake ƙasa mai tsarki, ga dama ta samu." In na yi shiru a ce na samu duniya na manta da gida. In na bayar sau ɗaya, gobe biyar za su zo. Kwanan nan ma wani ya ce in tattara gudunmawar 'yan garinmu da ke Riyad a asusuna in turo.
Daga Abu Sadik, Riyad

AMSA: Ɗana, da ta ƙarshen zan fara, domin ita ce mai hatsari. Kada ka kuskura ka tara kuɗin mutane a asusunka. Tara gudunmawa ba da lasisi ba laifi ne a ƙasar nan, kuma hukuma ta sha yin gargaɗi a kai. Hanyoyin da ta amince da su sanannu ne, irin su dandalin tara sadaka na Ihsan da aka buɗe a 2021, da Cibiyar Sarki Salman ga agajin da zai fita waje. Sawwagin da albashinsa ke rubuce a kwantiragi, in aka ga kuɗi suna shigo masa daga mutane iri-iri suna fita waje, sai ya yi bayani, kuma wanda ya yi maka tag daga ƙauye ba zai zo ya tsaya maka ba. Ka tura wa ɗan'uwanka daga guminka, wannan ba mai hana ka. Kowa ya tura nasa da kansa.

Shi kuwa tagin, na san wasu da zuciya ɗaya suke yi, suna ganin tunatarwa ce. Amma kiran sunan mutum a gaban jama'a a kan maganar kuɗi matsi ne. In ya bayar, kunya ce ta sa shi, ladan ya raunana. In ya hana, an ci masa fuska. Allah ya ce a cikin Baƙara, aya ta 271, in kun bayyana sadaka to madalla, in kuka ɓoye kuka bai wa mabuƙata shi ya fi muku alheri. A cikin mutum bakwai da za su samu inuwa ranar da babu inuwa akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Wanda ya sa sunanka a kwament ya riga ya toshe maka wannan hanyar.

Mutanen gida ba su san rayuwarmu ba, mu ma da laifinmu, ba ma turawa sai hoton Harami da na farin tob ranar Idi. Ba mai tura hoton ɗakin sawwagi da ke jikin gareji. Ka zaɓi mutum ɗaya amintacce a garin, wanka ko limamin unguwa, ka gaya masa duk taimakon da za ka yi ta hannunsa zai bi, shi zai je ya ga maras lafiyar da idonsa, domin a irin fostin ɗin nan akwai na gaskiya akwai na 'yan damfara da ke yawo da tsohon hoto. Masu tagin kuma ka bi su ta saƙon sirri ka ce, "Don Allah in akwai irin wannan ka turo min kai tsaye." Kada ka amsa a kwament, ko da "Allah ya ba da lafiya" ne, don amsawar ce ke sa a sake kiran ka. Kuma ka tuna na gida bai ƙoshi ba, ba a bai wa na dawa.

TAMBAYA: Goggo, asalina 'yar Maiurno ce a Sudan, aure ya kawo ni Makka. Tun da yaƙi ya ɓarke ba ma samun juna da mutanen gida sai jifa-jifa. Wata safiya ina haɗa wa yara fatur, wato karin kumallo, sai waya ta yi ƙara. Na duba, ɗan goggona ne ya sa hoton kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama, ya rubuta inna lillahi, a kwament kuma ya jera sunayenmu ya ce "albaraka fikum", kalmar da ake yin ta'aziyya da ita. A haka na ji. Na faɗi a madafa, yarana ne suka kira maƙwabciya. Har yau na kasa yi masa magana. Ina da laifi?
Daga Ummu Usman, Makka

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwata, Allah ya jiƙan kawu, ya sa wahalar da ya sha a ƙarshen rayuwarsa ta zama kaffara, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Ba ki da laifi don zuciyarki ta yi ciwo.

Sanar da mutuwa ba haramun ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da rasuwar Najjashi a ranar da ya rasu, ya fita da sahabbai suka yi masa salla. Amma dubi yadda ya yi da iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta. Da ƙafarsa ya je gidan, ya nemi 'ya'yan ya rungume su, idanunsa na zubar da hawaye, sannan ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci don abin da ya same su ya shagaltar da su. Iyayenmu ma a kan haka suka tashe mu. Ba a faɗa wa mace rasuwar wanda ya rene ta tana ita kaɗai. Mijinta ake fara nema, ko wata dattijuwa a hara, wato unguwa, a zo a zauna, a ce jikin ya tsananta, a bar ta ta yi salati, sannan a faɗa. Mai yin tag bai san a ina sunan zai same ki ba. Wata tana da tsohon ciki, wani yana tuƙi a hanyar Ɗa'if, wata tana riƙe da tukunyar ruwan zafi a gidan aiki, ba ta da damar ko zama ta yi kuka.

Duk da haka ki duba wa ɗan goggonki uzuri. Tun 15 ga Afrilun 2023 mutanen Sudan ke fama da yankewar layi, wasu sai sun yi tafiya sun biya kuɗi kafin su samu intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink na ɗan lokaci. Mai yiwuwa mintoci kaɗan ya samu, ga dangi a warwatse a Masar da Saudiyya da Chadi, shi ma kuma gawar kawunsa ya baro. Ya zaɓi hanyar da za ta kai ga kowa lokaci guda. Kuskure ne, da saƙon murya ɗaya ya aika wa mijinki da ya wadatar. Amma wanda yake cikin wannan hali hankalinsa ba a jikinsa yake ba. Ba na ce ki tilasta wa kanki yau ba. Ki yi wa kawu umra, ki yi masa sadaka, in zuciya ta ɗan sauka ki aika wa yaron ta'aziyya, sannan ki gaya masa yadda labarin ya same ki, ba da faɗa ba, don kada ya maimaita wa wani.

Sauran masu karatu kuma, don Allah kada a ɗora hoton mamaci sai an tabbatar iyaye da 'ya'ya da mata da 'yan'uwa na jini sun ji daga bakin mutum. Bayan haka a sanar da wurin aza, wato zaman makoki, da lokacinta, wannan kam taimako ne.

TAMBAYA: Goggo, ina sayar da abaya da turare da dabino daga Makka, ina aika wa 'yan sari a gida. An ce min in ina sa @highlight da @followers a kwament, ina kuma tagin mutane da yawa a hoto, kasuwa za ta buɗe. Amma na lura wasu suna cire ni daga abota.
Daga Hajiya 'Yar Kasuwa, Makka

AMSA: Hajiya, ai sun riga sun ba ki amsa. Waɗannan kalmomi sanarwa suke aika wa mutane, haka @everyone a guruf. Facebook yana barin a yi tagin mutum har 50 a hoto ɗaya, amma wanda ya ga sunansa a jikin hoton abayar da bai saya ba, bai tambaya ba, haushi zai ji. A WhatsApp ma ko mutum ya kashe ƙarar guruf, in aka ambaci sunansa sai wayarsa ta sanar da shi, kuma ki tuna muna gaban Najeriya da awa biyu, bayan asubarmu tsakiyar barcinsu ne. Af, masu cewa in ka rubuta @highlight za ka ga waɗanda ke leƙa shafinka, ƙarya ce, Facebook ba ya nuna wa kowa wannan.

Ki ware shafin kasuwa daban, ki riƙa sa kaya a status da farashi a fili. Wadda ta tambayi baƙar abaya mai lamba 56, ranar da ta zo ki yi tagin ta ita kaɗai, za ta gode miki. Waɗanda abin ya dama kuma, a saitin Facebook akwai wurin da za ka ce sai ka duba kowane tag kafin ya hau shafinka. Wannan bai hana fostin ɗin fitowa a shafin mai shi ba, shafinka kawai yake karewa.

TAMBAYA: Goggo, ni amarya ce a Madina. Surukina, baban maigida, yana Facebook, yana son karatun malamai. Nakan ga abin da na san zai so, amma in zan yi tagin sa sai sunansa ya fito ƙarara, ni kuwa ko a gida ba na iya faɗar sunan, har mai irin sunan ma sakayawa nake. Maigida ya ce wannan ƙauyanci ne.
Daga Amaryar Madina

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ba ƙauyanci ba ne. Ni har yau ban taɓa kiran ɗan farina da sunansa ba, kuma ga shi da furfura a gemu. Waya ba ta san suruki ba, sunan da mutum ya yi rajista da shi take fitarwa. Kina iya goge wani ɓangare na sunan bayan ya fito, kina iya sa "Baba" a gabansa, amma ba za ki iya sauya shi ba, kuma a ƙarƙashin sunanki zai tsaya kowa yana gani, har dangin miji da ke Kano. Ki bar tagin. Ki kwafi adireshin karatun ki tura masa ta WhatsApp, ki haɗa da saƙon murya ki gaishe shi, ki tambayi jikin Hajiya, sannan ki ce, "Baba, ga wani karatu na gani na ce bari in turo." Maigida kuma in yana so ya yi tagin mahaifinsa, tsakaninsu ne.